Raba yini zango-zango a shagon da ƙofarsa ba ta rufuwa: amsa ga wani tela a Garwa ta Kamaru

Tambaya: "Ni tela ne a unguwar Yelwa, Garwa, ina da yara uku a shago. Na ga wani bidiyo da ake cewa mutum ya raba yininsa kashi-kashi, kowane aiki da sa'arsa, kada ya taɓa wani abu sai lokacinsa ya yi. Na tsara a waya, amma ba a je ko'ina ba abin ya watse: wuta ta ɗauke, masu kawo ɗinki suna shigowa duk sa'ar da suka ga dama, ga 'yan gaisuwa da 'yan hira. Kullum ina shago tun safe har dare, amma alkawari sai karyewa yake yi. Wannan tsari na Turawa ne kawai, ko akwai yadda za a yi da shi a nan?"

Malam, sannu da aiki, Allah ya sa wa sana'a albarka. Tsarin yana yiwuwa a nan. Na ga ya zauna daram a shagunan teloli da kafintoci da masu buga takardu, cikin shekarun da na yi ina taya masu ƙananan sana'o'i tsara aiki da lissafi tsakanin Garwa da Marwa. Sai dai jadawalin da ka kwafo daga bidiyo an yi shi ne domin wani mutum dabam: mai ofis da ƙofa, mai wutar da ba ta ɗaukewa, wanda ba a zuwa wurinsa sai an nemi izini. Kai ko ɗaya cikin ukun ba ka da shi. Shawarata ita ce ka tsare zango ɗaya tak a kowace rana domin aikin da babu mai iya yi sai kai, ka ba jama'a nasu zangon wanda kowa ya san da shi, sauran yinin kuma ka bar shi da sassauci. Ƙarancin sa'o'i ba ya cikin matsalarka. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 sa'o'i 40 ta yanka wa ma'aikaci a mako, kai kuwa in daga bakwai na safe zuwa tara na dare kake yi kwana shida, ka ninka wannan har da ɗoriya. Sa'o'in suna nan, a gutsure suke.

Wanda ya fi yayata wannan tsari a 'yan shekarun nan shi ne Cal Newport, malamin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Georgetown da ke Amurka, a littafinsa Deep Work na 2016. Abin da ya ce ba shi da wuya: ka ɗauki takarda da safe, ka jera sa'o'i a gefen hagu, ka ba kowane aiki gurbinsa, mafi ƙanƙanta rabin sa'a. Akwai kuma wani sashe na maganarsa da masu bidiyo kan tsallake. Ya ce idan tsarin ya rushe da rana, a soke shi a sake zana wani a gefensa domin sa'o'in da suka rage. Wato shi kansa bai sa ran jadawalin safe zai kai yamma lafiya ba. Batun cewa na Turawa ne kuwa, Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111 Miladiyya, ya ware babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin kan yadda ake raba yini da dare. Ya kasa yini kashi 7, ya sa wa neman abinci da shiga kasuwa gurbinsu tsakanin hantsi da zawali, har ƙailula ya ba ta wuri. Iyakokinsa su ne ɓullowar alfijir, fitowar rana, zawali, la'asar da faɗuwar rana. Wannan ya fi kusa da abin da zai yi maka aiki fiye da ƙararrawar waya.

To me ya sa ake samun ƙarin aiki alhali sa'o'in ba su ƙaru ba? Babban dalilin yana cikin abin da ke faruwa da kan mutum idan an katse shi. Ka shimfiɗa shadda yadi goma a kan tebur, ka buɗe littafin awo, ka ja alli ka fitar da tsawon riga, kana cikin lissafin abin da za ka bari saboda ɗinki, sai ga sallama. Mai atamfa ce ta zo jin ko an gama. Ka ajiye alli, kuka gaisa, ka tambayi yara, aka birkita kaya aka nemo, ka ba ta haƙuri, ta tafi. A agogo minti biyar ne. Amma da ka koma kan tebur sai ka tsaya kana kallon layin da ka ja: wannan na gaba ne ko na baya? Na ƙara na kalmasa ko ban ƙara ba? Sai ka sake ɗauko tef ka auna daga farko, rabin hankalinka kuma yana kan atamfar da ka ce a dawo jibi alhali ba ka san ta inda za a ɓullo mata ba. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta gwada wannan a 2009, ta nuna cewa idan mutum ya bar aiki bai gama ba ya koma wani, wani ɓangare na hankalinsa yakan maƙale a na farkon, na biyun kuma ingancinsa ya ragu. Taura biyu ba ta taunuwa, an daɗe da faɗa. A sana'arku kuma abin ya fi tsada, domin kuskuren keke farke shi ake yi, kuskuren almakashi a kan shaddar mutane kuwa sai dai ka shiga kasuwa ka sayo wata da kuɗin aljihunka.

Akwai wasu dalilai biyu da ba sai na daɗe a kansu ba. Binciken Peter Gollwitzer, masanin halayyar ɗan Adam, ya nuna cewa wanda ya yanke tun farko yaushe zai yi abu da kuma inda zai yi shi ya fi cika niyyarsa a kan wanda ya tsaya a "zan yi". Tun 1955 kuma wani Bature ɗan Ingila, Northcote Parkinson, ya lura cewa aiki yakan baje ya cinye duk lokacin da aka ba shi. Wandon da za a haɗa cikin sa'a guda, in an ce "yau" za a yi shi, to har magariba yana kan keke.

Kafin ka zana komai, ina so ka yi mako guda ba ka canza kome ba, sai rubutu. Ka ware shafin baya na littafin awo. Duk aikin da ka fara ka rubuta ƙarfe nawa, in ka gama ka rubuta. Duk wanda ya shigo ka sa alama da lokacin shigowarsa da abin da ya kawo shi: awo, karɓa, ciko, ƙorafi, ko gaisuwa kawai. Wuta ma ka rubuta sa'ar da ta tafi da sa'ar da ta dawo. Na san abin da ban gajiya, amma in babu shi duk jadawalin da za ka yi na fata ne. Mutum ba ya iya ƙiyasta lokacin aikinsa, ko da shekara ashirin ya yi yana yin sa. A wani bincike da aka yi a Kanada a 1994, an tambayi ɗaliban jami'a kwana nawa zai ɗauke su kammala kundin bincikensu. Abin da suka faɗa ya tashi kusan kwana 34 a matsakaici, abin da suka ci kuwa ya haura 55. Ba ƙarya suka yi ba, kamar yadda kai ma ba ƙarya kake yi ba idan ka ce wa mutum ya zo Alhamis. Kan mutum ne yake lissafa ranar da babu cikas, ranar da babu cikas kuwa ba ta cika zuwa ba. In mako ya cika za ka ga abu biyu da idonka: ainihin mintunan da kowane irin ɗinki ke ci, da kuma cewa masu shigowa ba a warwatse suke ba kamar yadda kake ji, suna da sa'o'in da suke taruwa.

Daga nan sai tsarawa, kuma ka fi ni sanin yadda ake yi. Idan ka shimfiɗa yadi ba da aljihu kake farawa ba. Gaba da baya kake fitarwa, sai hannuwa, aljihu da wuya kuwa daga ragowar ƙyalle suke fita. Haka za ka yi da yini. Manyan abubuwan da ba kai ke juya su ba su za ka fara sa wa alama, su uku ne a garin nan: salla, zafi, da wuta. Salla ce mafi sauƙi, kuma ita ce gatan da masu bidiyo ba su da shi. Mu a nan tsawon yini ba ya sauyawa sosai tsakanin rani da damina, rana na fitowa wajen ƙarfe 6 ta faɗi wajen ƙarfe 6, ta ɗan gusa gaba ko baya gwargwadon wata. Saboda haka kana da iyakoki da ladan ke shelanta maka kyauta, kuma kowa a unguwa ya san su. Idan ka ce wa mutum "ƙarfe huɗu da kwata" zai zo sa'ar da ya samu babur. Idan ka ce "bayan la'asar" zai zo bayan la'asar.

Zangon da za ka tsare shi ne na safe, daga wajen bakwai zuwa goma, kuma yanka za ka sa a ciki. Dalilina shi ne shagonka duka da saurin almakashinka yake tafiya. Yara uku suna iya haɗawa, suna iya guga, suna iya sa maɓalli, amma in ba ka yanka ba zaman jira suke yi, ko su yi ta jan aiki ɗaya don kada a ce ba sa yin kome. Sa'a guda da ta salwanta a teburin yanka, sa'a huɗu ce ta salwanta a shago. Yanka kuma ba ya bukatar wutar lantarki, hasken rana yake so da kai mai sanyi, dukansu kuwa da safe ake samunsu, balle a watan Maris da Afrilu da zafin Garwa ke kai digiri 40 ko ya wuce. Hadisin Sakhr al-Gamidi da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito sananne ne, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta. Shi Sakhr ɗan kasuwa ne, da sassafe yake tura hajarsa, ya kuwa yi arziki. Abin da za ka yanka ka zaɓe shi tun daren jiya kafin ka rufe shago, ka jera yadukan bisa tsari, kowanne da takardar awonsa maƙale da fil. In ka bari sai da safe za ka zaɓa, wanda ya fi kiran waya shi zai ci zangon, ba wanda alkawarinsa ya fi kusa ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato mutane. Nan ne tsarin ke mutuwa a hannun yawancin masu gwada shi, domin sun ɗauko shi da tunanin cewa duk mai sallama cikas ne. A garin da ɗinki ke zuwa ta hanyar sanayya, telan da ya koma ba ya amsa gaisuwa zai samu lokaci mai yawa, don babu mai sake kawo masa yadi. Gaisuwa ba a ɗage ta. Hira ce ake ɗagewa, da awo, da ciniki, da neman kaya a cikin tsibi.

Ga yadda na ga ana yi ya kuma yi kyau. Teburin yanka ya koma can ciki, baya ga ƙofa, in da hali a sa labule. Babban yaronka ya zauna a bakin ƙofa da kekensa, kayan da aka gama suna jere kusa da shi, kowanne da suna da cikon da ya rage. Ka koya masa maganar da zai yi, kalma da kalma, don kada ya je ya ce wa matar mutane "oga ya ce kada a dame shi". Abin da zai ce shi ne: "Sannu da zuwa Hajiya, ina kwana? Maigida yana kan yanka, zai fito ƙarfe goma. In karɓa ne ga kayanki. In sabon ɗinki ne ki bar yadin da rigar da za a ɗauki awo a kanta, zai kira ki kafin azahar. In kuma shi kike son gani, bayan la'asar yana nan zaune." Yawancin mutane wannan ya ishe su, domin abin da ke ɓata musu rai shi ne rashin sanin matsayinsu. Sharaɗin dai shi ne kiran nan na kafin azahar ya tabbata. In ka saɓa shi sau biyu, maganar yaron ta zama iska, kowa zai riƙa ɗaga labule.

Idan kuma dattijo ne ya shigo, sa'an mahaifinka, ko limamin unguwa, ko surukinka, babu zancen yaro. Ka fito da kanka, ka rusuna, ku gaisa yadda ya kamata, sannan ka ce: "Baba, almakashi na kan shaddar mutane, a yi mini afuwa. In ba na gaggawa ba ne zan iso gida bayan isha." Ban taɓa ganin dattijon da ya ji haushin wannan ba, sau da yawa ma addu'a yake bi da ita. Amma kafin ka bar tebur, ka ɗauki daƙiƙa goma ka soka fil a inda ka tsaya, ka rubuta da alli a gefen yadi: "gaba an gama, saura baya, ban ƙara kalmasa ba." Ita dai Leroy, tare da Theresa Glomb, sun nuna a 2018 cewa ɗan rubuta inda aka tsaya da abin da za a ci gaba da shi yana sakin hankalin mutum ya fuskanci abin da ya katse shi. Kai kuma in ka dawo ba sai ka sake awo daga farko ba.

Akwai abubuwan da ke rusa zango gaba ɗaya, kuma ya kamata su rusa shi: jana'iza, rashin lafiya a gida, kiran iyaye. Waɗannan ba a shawara a kansu. Ka ajiye almakashi ka tafi, in ka dawo ka sake zana abin da ya rage na yinin. Ɗaurin aure da suna kuwa tun kwanaki ake sanar da su, ka sa su a takarda tun ranar da goro ya iso, ka matsar da yankan ranar zuwa hantsi.

Zangon jama'a shi ne bayan la'asar zuwa magariba, kuma ka yi shi da zuciya ɗaya. Ma'aikatan gwamnati ƙarfe uku da rabi suke tashi, 'yan makaranta sun dawo, rana ta yi sanyi, dama can lokacin ne gari ke motsi. Awo, gwaji, ciniki, karɓar kafin alƙalami, sauraron ƙorafi, duk a nan. 'Yan majalisar shagonka ma, masu zuwa musun wasan ƙungiyar ƙwallon Coton Sport da shan shayi, kada ka kore su, ka dai matsar da su nan ko bayan isha. Aikin hannu ka tanada domin wannan lokaci, irin su sa maɓalli, tsinke zare, ninke kaya, waɗanda baki na hira hannu na yi. Ni a ganina telan da ya sallami majalisarsa ya yi hasarar masu yi masa talla kyauta. Asabar kuma, da yake ofisoshi a rufe suke, kada ka sa ran zangon safe zai kai sa'a uku. Littafinka zai nuna maka ko ka rage shi ko ka fara tun shida da rabi.

Waya ta fi duk mai sallama ɓarna, don ita ba ta jin kunyar labule. A zangon safe ka miƙa ta ga yaron bakin ƙofa, ko ka sa ta a aljihun tebur a kashe mata murya, lambar gida da ta iyaye kaɗai ka bari su shigo. Saƙonnin WhatsApp, hotunan salon ɗinki da mata ke turowa, duba ko kuɗin Orange Money ko MoMo sun shigo, ka tara su sau biyu a yini: ƙarfe goma in ka fito daga yanka, da kuma bayan la'asar. Wanda ya turo hoton wuyan riga ƙarfe takwas babu abin da zai same shi in ya ji amsa ƙarfe goma.

Wuta kuwa ba a sa mata sa'a, sai dai a yi mata tanadi. Yawancin lantarkin arewacin Kamaru daga madatsar Lagdo yake fitowa, a kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72. Ruwanta yana ja baya a ƙarshen rani, daidai lokacin da zafi ke sa kowa kunna fanka da firji. An kafa tashoshin hasken rana a Marwa da Gider don su tallafa, amma mai shago dai bai isa ya ce ƙarfe kaza wuta za ta kasance ba. Dabarar ita ce ka raba ayyukan shago tsibi biyu a zahiri, a kan kanta biyu ko cikin kwando biyu: masu son wuta, kamar surfanin inji da keken lantarki, da waɗanda ba ruwansu da ita, kamar keken ƙafa, gugar gawayi da aikin hannu. Zangon hantsi, daga goma da rabi zuwa azahar, sunansa zangon haɗawa, ba ka rubuta masa takamaiman aiki ba. In akwai wuta a ɗauko daga kwandon farko, in ta ɗauke a juya na biyu ba tare da an tsaya ana tsaki ba. In kana da janareta, kada ka riƙa tayar da shi saboda wuyan riga ɗaya. Ka tara surfani ya kai na sa'a biyu ka yi shi a tashi guda, man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin titi, ba kyauta ake ba ka ba.

Tsakanin azahar da la'asar ka bar shi fili da gangan. Abinci, ƙailula ko ta rabin sa'a ce, sannan abin da ya zubo daga safe. Wannan filin shi ne ke hana rushewar zango ɗaya ta zama rushewar yini duka, kuma shi ne abin da mutane suka fi saurin cikewa da aiki idan sun ga takarda da sarari. Kada ka cike shi. A lokacin zafi ma aikin da aka yi a wannan tsakani rabinsa farkewa ake yi. Zuwa babbar kasuwa sayen zare da zif da maɓalli shi ma ka mai da shi sau ɗaya ko biyu a mako, da jerin abin da ake bukata a rubuce, maimakon a tura yaro a babur duk sa'ar da zare ɗaya ya ƙare, ya tafi minti ashirin ya dawo bayan sa'a biyu.

Game da manhajar waya da ka yi amfani da ita, ka bar ta. Allo ƙarami a bango da alli ya fi, don yara ma su gani, su san abin da ke gabansu ba sai sun ɗaga labule sun tambaye ka ba. Za ka kuma ji ana zancen tsarin Pomodoro na Francesco Cirillo, ɗan Italiya, wanda ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980: aiki minti 25, hutu minti 5. Yana taimakon ɗalibi mai jin nauyin buɗe littafi. Ga mai yanka babbar riga kuwa, ƙararrawar da za ta kaɗa yana tsakiyar fitar da hannu ita ma katsewa ce. Ka huta idan ka gama kaya ɗaya, kafin ka shimfiɗa na gaba.

Saura maganar alkawari, wadda ita ce ainihin ciwon da ya sa ka yi tambaya. Amfanin zangon safe mafi girma shi ne yana ba ka lamba. A ce littafinka ya nuna kaftani da wando suna cin minti 40 a yanka. Sa'a uku minti 180 ne, wato kaya huɗu a rana, 24 a kwana shida. Ka cire na Juma'a da ke gajarta, da na ranar da jana'iza ko zazzaɓi za su ci, ka tsaya a 20. Wannan shi ne ƙarfin shagonka a mako, ko da yara goma ka ɗauka, sai fa in ka koya wa babban cikinsu yankan wando da kayan yara, abin da nake ba ka shawarar ka fara tun yanzu a zangon hantsi, a kan yadi mai araha. Lambobin nan misali ne, naka za su fito daga littafinka. Da wannan lamba za ka riƙa ba da rana: mai kawo yadi ya zo, ka duba allo ka ga makon nan ya cika, na gaba saura gurbi shida, ka ce masa ranar kaza, ka ƙara kwana biyu a kai saboda halin yau da gobe.

Lokutan rububi kuma sanannu ne, ba sa zuwa ba zato. Kayan faretin ranar matasa ta 11 ga Fabrairu, atamfar ranar mata ta 8 ga Maris da suke kawowa kusan a mako ɗaya, ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu, ranar ƙasa ta 20 ga Mayu, kayan makaranta kafin komawa a Satumba, sai salloli biyu da ke matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. A azumi tsarin yakan ɗan juya: zangon safe yana nan, har ya fi daɗi in ka fara bayan asuba kai tsaye, tsakar rana ta zama ta hutu, a buɗe zango na biyu bayan asham domin haɗawa. Ko da hakan, lissafin bai canza ba. In ƙarfinka 20 ne a mako, azumi mako huɗu ne, kwanaki ukun ƙarshe kuma na guga da gyara da miƙa kaya ne, to abin da za ka iya karɓa bai wuce 70 ba. Ka rubuta lambar a saman allo tun daren farko, kana ragewa duk sa'ar da ka karɓi yadi. Ranar da ta kai sifili, mai kawo na 71 ka gaya masa gaskiya tun yadinsa na hannunsa: "Alhaji, na salla ya cika. In za ka jira, ga ranar da zan ba ka bayan salla. In kuma na salla kake so, ga wane a layin baya, hannunsa na da kyau, ka ce ni na turo ka." Kafin alƙalaminsa kuma kada ka karɓa sai ya zaɓi ɗaya cikin biyun.